Dokta Barau Dikko (1912–1977): Likitan farko daga Arewa

A shekarar 1940, lokacin da Dokta Russel Aliyu Barau Dikko ya kama aikin gwamnati, babu wani ɗan asalin Arewacin Nijeriya da ke riƙe da takardar shaidar likitancin zamani sai shi. Daga Sakkwato har Borno, duk likitan da mara lafiya zai tarar a asibiti Bature ne ko mutumin Kudu. Ya yi shekara 27 a aikin lafiya, daga ƙaramin likita har zuwa babban sakataren ma'aikata. A tsakanin haka ya shugabanci ƙungiyar da ta rikiɗa ta zama jam'iyyar NPC, amma ya sauka ya bar wa wasu. Daga bisani ya riƙe ma'aikatu biyu na tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon.

Tashinsa a Zazzau

An haifi Barau Dikko a ƙasar Zazzau a 1912, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, a cikin 'yar ƙaramar al'ummar Kiristocin farko da ta taru a gefen Dokta Walter Miller. Shi Miller likita ne ɗan mishan na ƙungiyar CMS, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su masauki na dindindin ba. Ya zauna a Girku, sannan a 1905 ya samu wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Wajen 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda majami'a da makarantar St. Bartholomew da asibitin St. Luke suka kafu.

Muhimmancin wannan makaranta yana fitowa ne idan aka dubi irin ilimin bokon da gwamnatin mulkin mallaka ta tanadar wa Arewa. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 an yi ta ne don 'ya'yan sarakuna da malaman da za su yi wa En'e aiki. Kwalejin Katsina kuwa malaman makaranta aka kafa ta ta horar. Babu wata hanya da aka share wa yaron Arewa zuwa kimiyya, balle likitanci. Miller ya dage a kan cewa yaransa za su iya duk abin da yaran Legas suka iya, saboda haka ya riƙa tura masu hazaƙa Kudu. Ta haka Barau ya shiga King's College ta Legas, daga nan ya ƙetare zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila.

Kudu ta samu likitanta na farko, Nathaniel King, tun cikin shekarun 1870. Ke nan tazarar fiye da shekara 60 ce Barau ya tafi ya rufe shi kaɗai.

Horo a Birmingham

Karatun likita a Ingila a shekarun 1930 hawa biyu ne. Da farko ɗalibi zai shafe shekaru a ɗakin feɗe gawa da ɗakin gwaje-gwaje, yana sanin kowace jijiya da ƙashi da yadda gaɓoɓi ke aiki. Bayan ya ci wannan jarrabawa sai a kai shi asibiti, a haɗa shi da babban likita. A ɓangaren masu jinya aikinsa ya zauna gefen gado ya tambayi mara lafiya tarihin ciwonsa, ya duba shi, ya rubuta, washegari ya karanta a gaban malaminsa ya sha tambayoyi. A ɓangaren tiyata aikinsa wanke rauni, ɗaure shi, riƙe kayan aiki da koyon ɗinki. Akwai kuma makonnin karɓar haihuwa, da kwanan tsaro a ƙofar da ake shigo da waɗanda suka ji ciwo.

Birmingham birnin maƙera ne da masana'antu, don haka wannan ƙofa ba ta rabuwa da wanda inji ya datse wa yatsu, ko narkakken ƙarfe ya ƙona, ko mota ta buge. Maganin fenisilin bai shigo hannun likitoci ba tukuna. Magungunan salfa ne sababbi: na farkonsu ya fito a 1935, sai M&B 693 a 1938. Likita ya dogara ne ga idonsa da hannunsa da tsabtar kayansa.

Abin lura shi ne, a wancan zamani kula da masu buƙatar agajin gaggawa ba fanni ba ne da ake ƙwarewa a kansa. Tsarin da matashin likita ke tarewa a cikin asibiti shekara da shekaru yana koyo a ƙarƙashin manya ya samo asali ne a asibitin Johns Hopkins na Amurka tun 1889, a hannun William Osler da William Halsted, amma bai shafi ƙofar gaggawa ba. Ita wannan ƙofa mafi ƙanƙantar likitoci ake bar wa, alhali nan ne kuskuren minti biyar ke cin rai. A Birmingham ɗin ne aka fara gyara wannan. A 1941, shekara guda bayan Barau ya kama aiki a gida, aka mayar da Queen's Hospital, ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na birnin a zamanin ɗalibtarsa, asibitin masu haɗari zalla a ƙarƙashin William Gissane, kuma ana ƙirga shi a matsayin irinsa na farko a duniya. A 1952 aka naɗa Maurice Ellis, wanda shi ma ya yi aikin likita a Nijeriya zamanin Turawa, babban likitan sashen gaggawa a Leeds. Sai a 1970 Jami'ar Cincinnati ta Amurka ta buɗe shirin farko na horar da likitoci a wannan fanni kaɗai.

Barau da tsararrakinsa ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suka koya a daren tsaro shi suka kawo gida.

Likitan lardi

Aikin da ya shiga a 1940 yana da shinge. Tun 1902 aka keɓe rukunin manyan likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma ga Turawa, baƙar fata kuwa aka ajiye su a wani rukuni dabam mai ƙarancin albashi da jinkirin ƙarin girma, ko da jami'a ɗaya suka yi da Baturen. Ga kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe likitoci da dama zuwa aikin soja, waɗanda suka rage nauyi ya ninku a kansu.

Likitan gwamnati a lardin Arewa shi ne komai. Da sassafe zai duba layin masu karɓar magani, ya zaga ɗakunan kwanciya, ya shiga ɗakin tiyata ya yi aikin gwaiwa ko ya cire ƙari. Shi ke duba gidan yari da mayanka da rijiyoyi. Idan an yi kisa shi zai binciki gawa ya ba da shaida gaban Joji. Shi zai rubuta wa Razdan rahoto, kuma ya fita rangadi ya ga yadda disfensa ke tafiyar da ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi. Da dare kuma masinja zai buga masa ƙofa: mace ta kwana biyu tana naƙuda, maciji ya sari manomi, saniya ta soki makiyayi, mota ta kife da 'yan kasuwa. A yawancin wurare babu lantarki sai fitilar aci-balbal, babu ma'ajiyar jini, kayan aiki a tukunya ake tafasa su, maganin sa barci kuwa malamin asibiti ne ke ɗiga shi a ƙyalle bisa hancin mara lafiya, likita na aiki yana sa ido a kan numfashinsa.

Wahalar da ta fi wannan ita ce jinkiri. Jama'a sun saba da wanzami da maɗori da ungozoma da mai magani, asibiti kuwa sai an rasa yadda za a yi. Mara lafiya yakan iso a kan jaki ko a amalanke bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, idan ya cika a can sai labari ya bazu cewa asibiti ne ya kashe shi, na gaba ya ƙara jinkiri. A nan ne likita Bahaushen baki yake da abin da Bature ba shi da shi. Ba ya buƙatar tafinta. Ya san abin da tsohuwa ke nufi idan ta ce iska ce ko sanyi ne, ya san yadda ake shawo kan maigida ya bari a duba matarsa da ke kulle, ya san girman da ake ba hakimi kafin a nemi ya tara talakawansa a yi musu lamba.

Babbar jarrabawa ita ce annobar sanƙarau, wadda ke tasowa da rani ta lafa da saukar ruwan sama. Takan kashe yaro lafiyayye cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda aka yi a 1949 da 1950 ta yi ɓarna mai yawa a lardunan Arewa. Dabarar da ta rage mutuwa ita ce a kafa rumfuna a bayan gari, a raba masu ciwo da masu lafiya, a damƙa ƙwayoyin salfa a hannun disfensa da ma'aikatan wucin gadi, domin likita ɗaya ba zai kai ga kowane ƙauye ba. Darasin a bayyane yake: inda likita ya yi ƙaranci, rai yana hannun wanda likitan ya horar.

Sai da Barau ya yi shekara 13 kafin ya zama babban jami'in lafiya a 1953.

Kujerar da ya bari

A 1948 'yan bokon Arewa suka fara taruwa don duba makomar yankinsu. Wani rukuni ya haɗu a Zariya a kewayen Dokta Dikko da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wani kuma a Kaduna a kewayen D. A. Rafih. Rukunan suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taronta na Kaduna a watan Yunin 1949 aka zaɓi Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka riƙe muƙamai tare da shi akwai Abubakar Imam, Sa'adu Zungur, Aminu Kano da Yusuf Maitama Sule. Manufar da suka shelanta ita ce yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci.

Taro ne da kusan dukkansa Musulmi ne, har da malamai masana shari'a, amma suka ɗora Kirista ɗan Wusasa a gaba. Iliminsa da natsuwarsa suka duba, da kuma cewa shi mutum ne da sarakuna ba za su ɗauka ɗan tawaye ba, matasa kuma ba za su ɗauka ɗan amshin Shata ba.

Riƙon bai zo da sauƙi ba. Turawa da sarakuna suna zargin ƙungiyar, matasan Kano kuma suna ganin tafiyarta ta yi sanyi. A ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa NEPU, a taron Jos na Disambar wannan shekara kuma aka raba gari. Da zaɓen 1951 ya zo, aka ga Arewa na buƙatar jam'iyyar da za ta tsaya, sai a ranar 1 ga Oktoban 1951 aka ayyana ƙungiyar a matsayin jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo.

Dokar aiki ta hana ma'aikacin gwamnati riƙe muƙamin jam'iyya. Dole Dikko ya zaɓi ɗaya: ko ya ajiye aikin likita ya riƙe shugabancin jam'iyyar da kowa ya ga ita za ta karɓi mulki, ko ya sauka. Ya sauka. Alhaji Sanda Na Alhaji ya riƙe kujerar na wucin gadi, a 1954 kuma Sardauna ya zama shugaban jam'iyya da Firimiyan Jihar Arewa. Masu iya hawa mumbarin siyasa a lokacin suna da yawa, 'yan Arewa masu iya buɗe ciki su ɗinke kuwa ba su cika tafin hannu ba.

Daga gefen gado zuwa ofis

A 1957 aka ba shi jagorancin sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Aikin sashen babba ne. Akwai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, wanda tun daga 1937 ya sa aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Akwai kuturta, wadda a shekarun 1950 aka fara yi wa magani da ƙwayar dafson a ƙananan cibiyoyi, mai ciwo ya karɓa ya koma gida ba tare da an killace shi ba. Akwai tunjere da agana da zazzaɓin cizon sauro. Duk waɗannan aikin ayari ne: motoci, allurai, ma'aikatan da za su kwana a ƙauye, da lissafin kuɗin da zai kai su ƙarshen shekara.

Bayan samun 'yancin kai ya zama babban sakataren ma'aikatar, zamanin da Alhaji Ahman Galadiman Pategi ke ministan lafiya. Matsalar da ta fi ci wa ma'aikatar tuwo a ƙwarya ita ce wadda shi kansa ya rayu a cikinta, wato ƙarancin likitoci 'yan ƙasa. Turawa suna tattara kayansu, Kwalejin Ibadan ba ta yaye isassu, 'yan Arewa a cikinsu kuma ƙalilan ne. Makarantar likitanci da aka buɗe a Kano a 1955 ta ɗan toshe giɓin. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1967 ta buɗe tsangayar likitanci, lokacin da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda shi ma ya bi ta makarantar Wusasa, ke shugabantar jami'ar. Yaƙin da aka ƙaddamar a kan agana a ƙarshen zamaninsa a ma'aikatar ya kai ga nasara, domin a 1970 aka ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya.

Legas

A ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, a watan Yuni kuma ya shigo da farar hula majalisar zartarwa. Dikko ya shiga daga Jihar Arewa ta Tsakiya, aka ba shi Ma'aikatar Ma'adinai da Lantarki. Ya zauna teburi ɗaya da Cif Obafemi Awolowo, Anthony Enahoro, Joseph Tarka, da tsohon abokin tafiyarsa Malam Aminu Kano. Makonni kaɗan bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, kuma rijiyoyin man fetur da ke ƙarƙashin ma'aikatarsa suna cikin abin da ake yaƙi a kai. A zamaninsa aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma kafa dokar man fetur ta 1969, wadda ta damƙa mallakar man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwan Nijeriya a hannun gwamnatin tarayya, ta kuma yi aiki fiye da shekara 50. A 1971, shekarar da aka kafa kamfanin mai na ƙasa kuma Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC, aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri, Shettima Ali Monguno ya gaje shi.

A sufuri ya sake haɗuwa da tsohon aikinsa ta wata fuska. Kuɗin mai sun cika tituna da motoci, haɗari ya ƙaru. A ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta sauya tuƙi daga hannun hagu zuwa dama. A ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin sama ɗauke da alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ba ta zo ba sai a 1988.

Dokta Barau Dikko ya rasu a 1977. Asibitin da ke Titin Lafiya a Kaduna, wanda aka gina don jinyar Turawa kuma mutanen gari suka daɗe suna kira Nursing Home, shi aka sa wa sunansa. Yau shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna.

Aikin da ya rage

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1979, aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa. Gombe, wadda a zamaninsa yanki ce a Lardin Bauchi, ta zama jiha a 1996, ta samu cibiyar lafiya ta tarayya a wannan shekara, wadda ta zama asibitin koyarwa a 2014. A can, kamar a Zariya da Kano da Maiduguri, likitoci masu neman ƙwarewa ne ke kwana a sashen gaggawa. Su ke karɓar ɗan acaɓan da aka ɗauko daga Kagarawal da tsakar dare, da mai jegon da jini ya ɓalle wa, suna yi suna shirin jarrabawar hawa na ɗaya da na biyu. A Kaltungo kuma har yanzu damina na cika gadaje da manoman da kububuwa ta sara.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti korar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don wannan aiki. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar 2018 ta tsara horon likitoci masu neman ƙwarewa da kuɗin da za a riƙa ba su. Duk da haka yajin aikinsu ya zama ruwan dare, kuma kuɗin horon da alawus ɗin da aka jinkirta suna cikin abubuwan da suke kuka a kai. Da yawa kuma suna bin hanyar da Barau ya bi zuwa Ingila, sai dai ba duka ke dawowa ba.

Tsakanin doka da gadon mara lafiya akwai fayil, akwai takardar sakin kuɗi, akwai sa hannun darakta da na babban sakatare. Barau Dikko ya zauna a ɓangarorin biyu, kuma ya fara ne daga gefen gado. Jami'in da fayil ɗin kuɗin horon likitoci ko na motar ɗaukar marasa lafiya ya kwana a teburinsa a Abuja yana riƙe ne da wani yanki na aikin da likitan farko na Arewa ya soma a 1940.